Ruwan Da Likita Ke Wanke Saiwar Haƙori Da Shi

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin lafiya ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, a Sabo, Badun.

 

Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Malam Liman, Allah ya gafarta malam. Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata da ke saurare daga can baya, da 'yan'uwa matasa, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

Kwamitin lafiya ne ya ɗora mini wannan magana. Kun dai san ni, ni ba likita ba ne, sabulu da omo da bilic nake sayarwa. To dalilin da ya sa aka ce ni zan tsaya shi ne, ruwan da za mu yi magana a kansa ɗan'uwan abin da ke jere a kantata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na zauna da likitocin haƙori na yi musu tambayoyi irin na ɗan kasuwa, abin da na samo shi na kawo muku.

Matsalar da kwamiti ya lura da ita ita ce wannan. Mutum haƙori zai hana shi barci, ya je asibiti da niyyar a cire, likita ya duba ya ce a'a, wannan haƙori zai gyaru, za a yi masa aikin saiwa, wanda su suke kira rut kanal, a kati kuma su rubuta RCT. Sai a yi zaman farko, ciwo ya ɗauke, mutumin ya ce alhamdu lillahi an gama, ba a sake ganinsa ba. Bayan wata uku ko huɗu kumatu ya kumbura, ya dawo yana cewa an cuce shi. Wani kuma yana kan kujera sai ya ji warin bilic, hankalinsa ya tashi, ya ce me ake zuba mini a baki? Duka biyun nan rashin sanin abu ɗaya ne ya kawo su, watau cewa a wannan aiki wankin shi ne maganin. Haƙar da ake yi da inji hanya ce kawai ake buɗe wa ruwa.

Bari mu fara da shi kansa haƙorin. Haƙori ba dunƙulen dutse ba ne. Daga waje akwai farin ɓawo, wanda duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi tauri. Ƙarƙashinsa akwai ƙashin haƙori mai ɗan ruwan ɗorawa. Can tsakiya kuma akwai kogo, a cikinsa akwai ɗan nama mai laushi da jijiyoyin jini da jijiyar da ke jin zafi da sanyi, shi ne ɓargon haƙori. Daga wannan kogo hanyoyi suka gangara cikin saiwa har ƙarshenta, inda akwai 'yar ƙofa da ta buɗe cikin ƙashin muƙamuƙi. Haƙorin gaba galibi hanya ɗaya gare shi, turmi kuwa uku ko huɗu. Haƙorin duka da saiwarsa bai cika wuce santimita 2 zuwa 2 da rabi ba, kamar gaɓar yatsa, wasu hanyoyin kuma don siranta sai ka ce silin gashi.

Mun taso muna jin cewa tsutsa ce ke cin haƙori, har akwai masu yawo suna cewa za su fitar maka da ita, su nuna maka a auduga. Babu tsutsa, jama'a. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin sukarin da muke tsuga wa shayi da na lemon kwalba da alewa, su fitar da tsami, tsamin ya yi ta cin haƙori har rami ya kai ga ɓargo. A shekarar 1965 wasu masu bincike a Amurka, Kakehashi da abokansa biyu, sun yi gwaji da ɓeraye. Suka huda haƙoran ɓerayen da aka raina a killace, waɗanda babu ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu, suka kuma huda na ɓeraye na yau da kullum, suka bar ramukan a buɗe. Na yau da kullum ɓargonsu ya ruɓe ya yi mugunya. Na killacen kuwa, ga rami a buɗe ga abinci yana shiga, amma ɓargon ya warke. Tun daga nan magana ta ƙare: ba ramin ke kashe haƙori ba, ƙwayoyin cuta ne.

To idan ɓargon ya mutu, jini ya daina shiga wurin. Ku riƙe wannan da kyau. Duk kafso da filajil da za ka saya a kemis ka sha, jini ne ke kai shi inda ciwo yake. Inda jini ba ya zuwa magani ba ya zuwa. Shi ya sa za ka sha kafso kumburi ya sauka, bayan wata biyu ya dawo, domin maɓoyar tana nan ba a taɓa ta ba. Hanya biyu ce kawai: ko a cire haƙorin da maɓoyar gaba ɗaya, ko a shiga maɓoyar a wanke ta a toshe.

Likita zai yi maka allurar kashe zafi, ya huda haƙorin daga sama, sa'an nan ya ɗauko wasu 'yan ƙarafa sirara masu kama da allura mai barima, yana zura su cikin hanyar yana kankarewa yana faɗaɗa ta. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka wannan kankarar ita ce aikin. Amma hanyar saiwa ba bututu ne miƙaƙƙe ba. Tana lanƙwasa, wani wuri ta baje, tana da rassa a gefe, wani lokaci hanya biyu su haɗu ta wani siririn lungu. A 2001 Dakta Peters da abokansa sun ɗauki hoton cikin turamen haƙora da na'ura kafin a kankare da bayan an kankare, suka tarar kowace irin dabara aka bi, kashi 35 cikin 100 na bangon hanyar, ko ma fiye, ƙarfe bai taɓa shi ba sam. Sa'an nan shi kansa bangon cike yake da ƙananan ƙofofi dubbai, ƙwayoyin cuta suna shiga su laɓe.

Masu sayar da mai za su fi kowa gane wannan. Ka ɗauki jarkar manja kana so ka zuba man gyaɗa. Ka ɗaura tsumma a sanda ka yi ta goga daga safe har azahar, ba za ka taɓa cikin mariƙin jarkar ba, ba za ka taɓa kusurwoyin sama ba. Sai ka zuba ruwan zafi da soda ka girgiza, ka zubar, ka sake, ka sake. Haka kuma a babin tsarki tun muna yara a Islamiyya aka koya mana cewa dutse yana ɗauke ƙazanta amma ruwa ya fi tsarkakewa, haɗa su biyun shi ya fi. Aikin saiwar haƙori haka yake, ƙarfe da ruwa, amma ruwan ne babba.

Ruwa na farko, wanda shi ne sarkinsu, sunansa sodiyam haifokulorait. Duk wanda ke da kwalbar Jik ko ledar Hypo a gida ya juya bayanta, wannan sunan zai gani. Mutanenmu na Nijar da masu zuwa Kwatano sun san shi da Jabel, sunan wata unguwa ce a birnin Faris inda aka fara sarrafa irin wannan ruwa a ƙarshen ƙarni na 18. Shigarsa aikin raunuka gadan-gadan kuwa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne. Sojoji suna mutuwa saboda ruɓewar rauni, lokacin babu fenisilin. A 1915 wani masanin haɗa sinadarai ɗan Ingila mai suna Henry Dakin, tare da likitan tiyata ɗan Faransa Alexis Carrel, suka fito da ruwan da ƙarfinsa rabin kashi 1 ne cikin 100, ana ɗiga shi cikin rauni. Har yau ana kiransa ruwan Dakin. Bayan haka ne likitocin haƙori suka ɗauke shi. Yau suna amfani da shi daga rabin kashi 1 har zuwa kashi 5 ko 6 cikin 100, kowane likita da ƙarfin da ya zaɓa. Na gida da muke sayarwa galibi tsakanin kashi 3 da 6 yake.

Me ya sa fiye da shekara 100 ba a sami wanda ya ture shi ba? Abubuwa biyu yake yi a lokaci guda. Yana kashe ƙwayoyin cuta, wannan wasu ruwayen ma suna yi. Amma kuma yana narkar da nama, wannan kuwa a cikin ruwayen da aka saba amfani da su shi kaɗai ke yi. Duk ragowar ruɓaɓɓen ɓargo da ya maƙale a lungun da ƙarfe bai kai ba, shi ke narkar da shi ya fito da shi. Iyayenmu mata sun san yadda hannu ke yin santsi idan ya taɓa bilic tsantsa. Wannan santsin ba sabulu ba ne, saman fatarki ne ya fara narkewa. Ƙwayoyin cutar kuma ba a warwatse suke zaune ba, suna yin wata yauƙi su manne da bango kamar gansakuka a bakin rijiya, ruwan banza ba ya ɗaga su, sai mai narkarwa.

Ga kuma abin da mu masu sayar da shi muka sani tun tuni: bilic ba ya son zafi, ba ya son rana, ba ya son a bar shi a buɗe. Katan ɗin da ya daɗe a rana, mai saye zai dawo ya ce maka ruwa ka sayar masa. Haka kuma da zarar ya haɗu da datti ƙarfinsa yake ƙarewa. Ɗan digon da hanyar saiwa za ta iya ɗauka kaɗan ne ƙwarai, cikin ɗan lokaci ya zama lami. Don haka dole likita ya zuba, ya zuƙe, ya kankare, ya sake zuba sabo, haka haka har ya gama. Wasu suna ɗan ɗumama shi don ya ƙara ci, wasu suna sa wani inji mai karkarwa ya girgiza shi a ciki, kamar dai girgiza jarkar nan. Saboda haka idan ka yi awa ɗaya baki buɗe a kan turmi ɗaya, kada ka ce likita bai iya ba ko yana ɓata maka lokacin kasuwa. Ni a ganina wanda ya kamata ka yi wa kallon tsanaki shi ne wanda ya gama maka turmi kafin shayi ya huce.

Yanzu sai gargaɗi, kuma don Allah matasa ku buɗe kunne, kada wani ya fita daga nan ya ce ai an ce bilic maganin haƙori ne. Wallahi ba haka na ce ba. Abin da ke narkar da mataccen nama yana narkar da mai rai. Ka ɗiga shi a ramin haƙori a gida, ba zai kai saiwa ba domin hanya ba a buɗe take ba, dasashi da harshe da maƙogwaro zai ƙone. Na kanti kuma wani akwai turare da wasu haɗe-haɗe a ciki. Mun riga mun sha ganin abin da ruwan batir da fetur da garin asfirin suke yi wa bakin mutane a unguwar nan, kada mu ƙara da wani. Idan ciwon ya lafa bayan an zuba irin waɗannan, ba warkewa ba ce, jijiyar ce ta mutu, ruɓar kuma ta ci gaba a ɓoye. Tun da maganar ta zo, iyayenmu mata, kada a haɗa bilic da ruwan wankin masai mai asid don wai ya fi fita. Iskar da ke tashi guba ce, tana kama numfashi.

To yaya likita yake sa wannan abu a baki ba ya ƙone mutum? Akwai wata 'yar shimfiɗa ta roba, kamar ƙyallen hankici, galibi shuɗiya ko koriya. Zai huda ta, ya fito da haƙorin da ake aiki a kansa shi kaɗai ta cikin hudar, ya maƙale da ɗan ƙarfe, sauran baki duka yana ƙarƙashi a rufe. Ba sabon abu ba ne, wani likita a birnin Niyok mai suna Barnum ya ƙirƙiro ta tun 1864. Amfaninta uku: ruwan ba zai zubo maka a baki ba, ɗan ƙarfen nan siriri ba zai suɓuce ya faɗa maƙogwaro ba, kuma yawu ba zai shiga haƙorin ba, domin yawu cike yake da ƙwayoyin da ake ƙoƙarin kora. Wanda aka ce za a yi masa wannan aiki yana da haƙƙin ya tambaya cikin ladabi: likita, za a sa mini robar nan? Inda ba a sa ta ba, sau da yawa tsoro kan sa a koma wanki da ruwan gishiri zalla. Ruwan gishiri kuwa yana ɗauraye tarkace, amma ba ya kashe komai, ba ya narkar da komai. Wanda kuma ya san jikinsa ba ya shiri da roba, yana yi masa ƙaiƙayi ko borin jini, ya faɗa tun farko, akwai wata iri da ake sa wa irinsa.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai hatsarin da kan faru, ko da yake ba kasafai ba. Kun tuna 'yar ƙofar da na ce tana ƙarshen saiwa? Idan aka danna ruwan da ƙarfi, ko allurar ta cushe a hanya, yana iya tsallakewa ya shiga nama. Alamarsa ba ta ɓuya: zafi mai tsanani nan take ko da an yi allura, fuska ta kumbura cikin 'yan mintoci, daga baya wurin ya yi baƙi-baƙi kamar an doki mutum. Idan haƙorin sama ne, wani zai ji ɗanɗanon bilic a maƙogwaro ko ruwa yana zubowa ta hanci. Don gudun haka ne suke amfani da siririyar allura wadda bakinta a gefe yake, su tsayar da ita kafin ƙarshen saiwa, su riƙa dannawa a hankali suna motsa ta. Kai naka shi ne, da ka ji zafi ko ƙuna ka ɗaga hannu, kada ka ce za ka nuna jarumta. Idan ya faru likita zai tsaya, ya ɗauraye da ruwan gishiri, ya ba da maganin zafi, a riƙa ɗora ƙanƙara a ranar farko, bayan nan ruwan ɗumi. Yawanci kumburin yana sauka cikin mako biyu zuwa huɗu, amma dole a riƙa komawa ana dubawa. Sa'an nan shawara ta kyauta: kada ka sa sabuwar shaddarka ka tafi. Digo ɗaya ya isa ya bar maka tambarin da ba mai rinin da zai gyara.

Ruwa na biyu sunansa EDTA, haka suke kiransa da haruffa. Lokacin da ƙarfe ke kankarar bango, garin haƙorin da ke fita yana cakuɗewa da danshi ya zama kamar taɓo, ya shafe bangon, ya toshe ƙananan ƙofofin nan da ƙwayoyin cuta a ciki. Kamar ka yi wa bango yaɓe alhali gara tana ciki. Bilic ba ya cin wannan yaɓe sosai, domin shi nama yake ci, ba ƙasa ba. EDTA shi ke zare sinadarin ƙashi daga yaɓen ya saki. Wani likita ɗan ƙasar Nowe mai suna Nygaard-Ostby ya shigo da shi wannan aiki a 1957. Ana amfani da mai ƙarfin kashi 17 cikin 100, kamar minti ɗaya kawai wajen ƙarshen aiki, domin idan ya daɗe sai ya fara cin bangon kansa. Wasu kan sa sinadarin tsamin lemo a madadinsa.

Na uku shi ne kulohegzidin. Wannan ma ba baƙo ba ne a gidajenmu. Yana cikin Savlon, shi ne kuma maganin da ake ba masu jego a asibiti su shafa wa cibiyar jariri, yana kuma cikin wani ruwan kurkurar baki da likita kan rubuta. Na kurkura bai wuce kashi 0.2 cikin 100 ba, na cikin saiwa kashi 2 ne. Kyansa shi ne yana manne wa bangon haƙori ya ci gaba da aiki bayan an gama, kuma bai kai bilic ƙuna ba. Aibinsa, ba ya narkar da nama ko kaɗan, don haka mataimaki ne, ba ya zama a kujerar sarki. Kuma su biyun ba sa ga-maciji: idan suka haɗu sai su yi wani gurɓataccen abu mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke rina haƙori ya toshe ƙofofi. Shi ya sa za ka ga sirinji kala-kala a kan tire, likita yana ɗauraye wannan kafin ya sa wancan.

Yanzu mun zo inda mutanenmu suke faɗuwa. Wani haƙorin akan gama shi a zama ɗaya. Amma idan akwai mugunya ko kumburi, ko lokaci bai isa ba, likita zai cika hanyar da wani farin ƙullu, dangin farar ƙasar da ake shafa wa bango, mai kaifi irin na toka, ya bar shi kamar mako ɗaya ko biyu yana ƙarasa kashe abin da ya rage. A sama kuma ya sa ciko na wucin gadi. Ciwo zai tafi, domin an fitar da jijiya an saki mugunya. Amma wannan ciko ba a yi shi don ya daɗe ba. Bayan 'yan makonni zai fara zaizayewa, yawu ya shiga, duk wankin da aka yi da kuɗin da ka biya su tashi a banza. Haƙorin ma yanzu ya fi da rauni, tun da an rarake cikinsa. Ka wanke jarka tas ka bar ta ba murfi a bakin kwata, me ka yi?

A zaman ƙarshe ake sake wankewa, a busar da hanyar da 'yan tsinkayen takarda, a cika ta da wani ƙaro mai kama da roba da ake samu daga wata bishiya a ƙasashen Maleshiya da Indunisiya, sunansa gataparca. Shi ma sai an tsoma shi a ruwan bilic ɗin kamar minti ɗaya kafin a sa. Ana haɗa shi da wani manne, wanda wani irinsa da man kanumfari ake yi, shi ne ƙamshin da kuke ji idan kun shiga asibitin haƙori. Kun ga ashe kakanninmu da ke danna kanumfari a haƙori ba su yi nisa da gaskiya ba, sai dai shi lafar da zafi yake yi, ba ya kai wa saiwa. Bayan nan sai ciko na dindindin, turmi kuma galibi sai an yi masa hula don kada ya tsage. Kafin a sa hular, a yi haƙuri da goro da rake da aya da tauna ƙashi ta wannan gefe. Na san a Sabo a ce wa mutum ya bar goro magana ce babba, to a koma ɗaya gefen. Idan an yi aikin yadda ya kamata an kuma rufe da kyau, binciken da aka tattara ya nuna kusan haƙori 9 cikin 10 yana ci gaba da zama a baki shekaru masu yawa.

Maganar kuɗi kuwa, gaskiya aikin ya ninka kuɗin cirewa sau da yawa, hula kuma kuɗinta daban. Ni shawarata irin ta kasuwa ce: tun ranar farko ka ce likita ya faɗa maka jimla, zama nawa, har da ciko da hula, ka auna aljihunka. Idan za ka iya, ka riƙe haƙorinka, domin giɓi ba kyauta ba ne, maƙwabtansa za su karkato, na samansa ya zazzago, na roba kuma ba ya tauna kilishi kamar naka. Idan ka san ba za ka iya kai wa ƙarshe ba, ka faɗa wa likita gaskiya, a cire maka a asibiti cikin tsabta ya fi a fara a bari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mu da kan saya wa haƙori zinariya a Makka don ado, bai kamata mu yi ƙyashin kuɗin wanda muke ci da shi ba.

Direbobinmu da masu safarar goro da shanu, ku abin ya fi shafa, domin yau kuna nan gobe kuna Arewa. Kada ku bari a buɗe haƙori ana jibi za ku ɗauki hanya ku yi wata biyu. In tafiyar ta zama dole, ku karɓi takarda daga likita mai bayanin inda aka tsaya, da hoton haƙorin, a ƙarasa muku a asibitin koyarwa na Kano ko Zariya ko Sakkwato ko duk inda akwai likitan haƙori. A nan gida kuwa Allah ya hutar da mu, asibitin koyarwa na UCH yana nan kusa da mu, da sashen haƙori da masu ƙwarewa a kan wannan aiki musamman. A guji masu cire haƙori a bakin tasha da cikin kasuwa. Masu ciwon sukari da masu hawan jini da mata masu juna biyu su faɗa wa likita kafin a fara. Ciki ba ya hana a yi wa mace aikin haƙori, barin mugunya a jikinta shi ya fi hatsari. Maigida, idan iyalinka ta ce haƙori, kada ka aika mata da fanadol ka fita kasuwa.

Akwai alamar da ba a kwana da ita. Idan kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ko wuya ya yi tauri, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu ta gagara, ko harshe ya tashi sama murya ta canja, ko kumburin ya haura wajen ido, ga zazzaɓi, to ko ƙarfe biyun dare ne a nufi sashen gaggawa. Mugunyar turmin ƙasa tana iya bin wuya ta toshe numfashi, kuma tana kisa. Ba lokacin jiƙo ba ne, ba lokacin a jira gari ya waye ba ne.

Wasu sun tambaye ni game da azumi, domin akwai masu barin aiki a tsakiya idan watan Ramadan ya kama. Ga Malam Liman nan, shi ke da wannan fage. Abin da zan iya kawowa shi ne, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta sanya haƙar haƙori da cire shi da wanke shi cikin abubuwan da ba sa karya azumi matuƙar mutum ya kiyaye bai haɗiye abin da ya kai maƙogwaro ba. Robar nan da na ambata tana taimakawa ƙwarai a nan. Allah ya gafarta malam, in an jima sai ka ƙara mana haske a kai.

Duk wanda ke da kati a gida da aka rubuta RCT kuma ya san bai koma ba, ko wata nawa aka yi, ya same mu a bakin ƙofa bayan an tashi mu rubuta sunansa. Wanda Turanci ko Yarbanci ke ba shi wahala, kwamiti zai haɗa shi da yaron da zai raka shi ya yi masa tafinta, iyayenmu mata kuma za a haɗa su da mace 'yar'uwarsu. A zo da katin da duk hoton da aka taɓa ɗauka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu.